Allin Ƙofar Lamba Bakwai

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Likitan bariki ya ce jinina ya hau, wai in rage faɗa. Na ce masa in na rage faɗa wa zai gyara wa ƙasar nan motoci? Ya ce to in riƙa zuba faɗan a takarda. Ga shi na fara, a bayan wani tsohon littafin gareji da mai ya ɓata.

Yau takarda ta zo daga ma'aikatar tsaro. Kwamitin majalisa mai sa ido kan sojoji zai zo duba motoci ranar Alhamis, 20 ga wata. Sai sun gani da idonsu sannan za su saki kason kayan gyara da suka danne mana shekara biyu ke nan. Kafin nan, ranar Juma'ar nan, mai hoto zai zo daga ma'aikata ya ɗauki motocin a jere, don a liƙa a rahoton da za a miƙa musu.

Rundunar ƙasar nan duka-duka bataliya biyu ce, manyan motocinta tara. A littafin da ake kai wa ma'aikata, duk taran lafiyarsu lau. Ni nake sa hannu kowane ƙarshen wata, shekara goma sha ɗaya ke nan, tun da na zama sajen gareji. A ƙasa kuwa huɗu ke tafiya, ran da Allah ya so biyar. Ba don son ƙarya ba ne. Duk motar da muka rubuta ta mutu, sai su soke ta daga lissafi, ba sa kawo wata, kuma su yanke man da ake ba ta. Mun gwada gaskiya sau ɗaya, lokacin motoci goma sha biyu muke da su, aka soke uku.

Shi ya sa muke da alli. Motar da aka cire wa wani abu, ko wadda ban yarda da ita ba, sai in zana da'ira da gicciye a ƙofar direba. Babu direban da ke buɗe littafi. Ƙofa yake dubawa. In ya ga alli, ko janar ne ya aike shi sai ya koma ya canja makulli. Haka na tarar ana yi, haka nake koya wa kowane sabon direba tun ranar farko.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Manjo, shugabanmu, ya zo gareji da kansa, yana taka mai da takalminsa mai ƙyalli. Ya zaɓi motoci uku da fentinsu bai mutu ba, lamba ɗaya da biyu da biyar. Su za a tayar a gaban kwamiti, su zaga fili, su ja birki. Mai Walda, abokin aikina, ya sa musu suna amare.

Matsalar, kyan amaren nan a fuska ya tsaya. Lamba biyu tiyon birkinta ya tsattsage, in ka matsa shi da yatsa sai ka ga mai yana tsattsafowa. Na gaya wa Manjo. Ya ce wace ce ke da mai kyau? Na ce lamba bakwai, amma ita ce ke hawa tudun iyaka. Ya ce babu tafiyar iyaka sai bayan kwamiti, an riga an kai musu abincin wata. A ara daga bakwai, a mayar daga baya.

Ba yau muka fara aro ba. Ban yi musu sosai ba, in dai gaskiya zan rubuta.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Mun cire tiyon bakwai mun sa wa biyu. Tsattsaggen kuma muka ɗaura wa bakwai, don kada mai hoto ko wani mai shisshigi ya leƙa ƙasa ya ga wuri a buɗe. Batir biyu ma sun canja gida, da tayoyi huɗu. Na zana wa bakwai allinta, babba, da hannuna.

Bakwai motar surukina ce, mijin 'yata Auta. Direbobi suna ce masa Kunkuru, don bai taɓa wuce kowa a hanya ba, ko mai keke ne sai ya bi bayansa yana gaishe shi. Ba ya nan, an tura shi kwas na mako guda a ɗaya barikin, sai daren Juma'a zai dawo. Da yana nan da ya tsaya a kaina yana marairaicewa kamar na yanke wa 'yarsa kunne.

Auta ta zo gida da yamma, cikinta ya yi gaba, wata bakwai. Uwarta ta ce ta daina hawa acaɓa, ta ce to Baba ya ba ta mota ɗaya cikin taran nasa mana. Na ce ta zaɓa, amma ta zo da masu turi.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An wanke motoci duka tara saboda hoton gobe. Manjo ya ce ba ya son ganin ko ɗigon alli, wai mutanen ma'aikata za su tambayi ma'anarsa. Ni na tsaya a kan wankin. Bakwai ma ni na goge ƙofarta da tsumma, don masu wankin sun bar inuwar da'irar.

Mai Walda ya ce, Saje, ko mu ɓoye makullin bakwai? Na ce masa makulli na allon ofishin sufuri ne, in mai hoto ya ga ƙusa babu komai wata magana ce kuma. Kwana ɗaya ne. Gobe ana gama hoto zan mayar da alli, ga shi ma a aljihuna.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Mai hoto da aka ce ƙarfe goma bai zo ba sai huɗu saura. Wani siriri da hula a karkace, ya sa mu tura lamba tara gaba da baya har sau uku, wai haske. Motar da ko inji babu a cikinta.

Amma yau na ji daɗi, bari in rubuta kafin ya huce. Ana gamawa Manjo ya dafa kafaɗata a gaban kowa, ya ce in biyo shi ofis. Ya sa aka kawo shayi a kofin tangaran, ya zaunar da ni a kujera mai laushi. Ya ce ya rubuta wa sama a ƙara mini shekara biyu a aiki, don babu mai riƙe garejin nan in na tafi. Shekara talatin ina ƙarƙashin mota, yau ce ranar farko da hafsa ya zuba mini sukari da hannunsa. Daga ofishinsa ta babbar ƙofa na fito, na miƙe gida, har na saya wa tsohuwa, uwar Auta, lemo a hanya.

Ta ce me ya faru nake ta murmushi kamar sabon ango. Na gaya mata. Ta ce ita da ta ɗauka hutu za a ba ni.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Muna asibiti.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe tara na safe

Abin da na sani. Jiya da asuba aka yi waya daga sansanin iyaka, wani abu ya taso, ba a gaya mana mene ne ba, suna son kaya da gaggawa. Jami'in da ke tsaron ofishin sufuri ya duba littafi, ya ga tara lafiya lau, ya sa aka taso Kunkuru daga barci, tun da shi ya san hanyar tudu. Aka haɗa shi da Kofur Mai Rediyo, maƙwabcinsu a layin bariki, wanda ba ya rabo da 'yar rediyonsa a kunne.

Sun hau lafiya, sun sauke kaya. A dawowa ne, a gangare na uku, inda kwanar take.

Kunkuru yana raye. Ƙafarsa ta dama ce, likitoci suna ta shiga suna fita, ba sa kallon idon mutum. Bai farka ba tukuna. Kofur an binne shi jiya da yamma.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Tsohuwa ta wanke kakina. Ta miƙo mini guntun alli, ta ce saura kaɗan ya narke mata a ruwa, in riƙa duba aljihuna. Na karɓa na sa a kan taga.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe biyu na rana

An jawo bakwai da sarƙa, an ajiye ta bayan gareji, an rufa mata tamfol. Na shiga ƙarƙashinta na duba abin da na san zan gani. Na fito. Mai Walda yana tsaye da sifana a hannu. Muka koma kan lamba biyar muna ɗaure mata madubi.

Duk yini ban yi wa kowa faɗa ba. Har wani direba ya tambaye ni ko lafiya.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Auta ta ƙi barin asibiti. A kan benci take kwana, da wannan ciki, ƙafafunta sun kumbura har silifas ba ya shiga. Na kai mata abinci, ta ci loma biyu don in daina kallonta. Ta ce Baba, kai ka san motar nan, me zai sa ta yi haka? Na ce ana bincike.

Ana bincike. Ni ne ma mai binciken.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Manjo ya kira ni. Yau babu shayi. Takarda ce a kan tebur, an riga an buga ta, shafi ɗaya da rabi. Ta ce an duba mota lamba bakwai an same ta da cikakkiyar lafiya kafin tafiya, kamar yadda littafin gareji ya nuna, kuma alamu sun nuna gudu fiye da ƙima a gangare. A ƙasa an bar layi don sa hannun sajen gareji.

Na ce ranka ya daɗe, Kunkuru fa. Mutumin da jaki ke wucewa.

Bai yi tsawa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zauna ya yi mini bayani kamar ɗan'uwa. Ya ce in kwamiti suka ji maganar aro, ba za su saki komai ba bana, watakila har baɗi. Akwai waɗanda suka daɗe suna son a rufe garejin soja a ba wani ɗan kwangila, wannan ce damar da suke jira. Kuma samarinmu da ke kan iyaka, da wace mota za a kai musu abinci wata mai zuwa? Ya ce yaron ba zai shiga kurkuku ba, shi zai tsaya masa. Kotun soja za ta yi zaman rabin awa, a sallame shi a hankali, daga baya a nemo masa gadi a wani wuri. Ya ce mutum ɗaya zai ɗauki suna, ɗari biyar su sami taya.

Abin haushin shi ne rabin maganarsa gaskiya ce. Na ce a ba ni lokaci in sake duba motar. Ya ce zuwa Laraba mai zuwa, don ranar Alhamis takardar tana cikin fayil ɗin kwamiti. Da zan fita ya ce maganar shekara biyun nan tana nan, bai manta ba.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ban karya kumallo ba. Allin yana kan taga.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Magana ta riga takarda fita. Duk bariki ana cewa gudu ne. Waɗanda jiya suke masa dariyar sanyin ƙafa, yau su ne ke cewa ai dama masu shiru-shirun nan sai a hankali, wa ya san abin da ya sha a wajen kwas. Na ji wani direba yana faɗa a bakin famfo, na ɗaga hannu zan kwaɗa masa mari, sai na tuna ba ni da bakin magana. Na mayar da hannun aljihu.

Matar Kofur ta je layinsu kwashe kaya, ta haɗu da Auta da ta je ɗauko zani. Mata biyu da ke girki a murhu ɗaya shekara uku. Auta ta durƙusa za ta yi mata gaisuwa, matar ta ce ta riƙe gaisuwarta ta kai wa mijinta mai sauri. Auta ta zo gidanmu tana kuka har numfashinta na sarƙewa. Uwarta ta rungume ta. Ni na fita waje wai zan duba mitar wuta.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe uku na rana

Sun yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa. Ta birki ce.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ya farka sosai yau. Ya rame, leɓensa ya bushe, amma ya gane kowa. Da na shiga sai ya yi yunƙurin gyara zama don ya gaishe ni, da wannan hali. Na ce ya kwanta. Ya tambayi Kofur, Auta ta kalle ni, na kalli ƙasa, ya gane. Ya juya fuska bango ya daɗe.

Da Auta ta fita kiran nas, sai ya kamo hannun rigata. Ya ce ya ji abin da ake faɗa, mai share ɗaki ta gaya masa. Ya ce a giya ta biyu yake, ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa babu komai, ya sake takawa, ya ja na hannu, ya ce wa Kofur ya yi tsalle, Kofur ya tsaya neman rediyonsa. Sannan ya ce:

"Baba, na duba ƙofa. Wallahi na duba, har da tocila. Babu alli."

Ba tuhumata yake ba. So yake in san bai karya abin da na koya masa ba.

Na ce na sani. Na ce ya huta. Na fito na zauna a kan matakalar asibiti har mai gadi ya zo ya ce in matsa, ana wucewa da gado.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe goma na safe

Likita ya ce in zuba faɗa a takarda. To da wa zan yi faɗan?

Na yi da ma'aikata, da suka mayar da gaskiya abin hukunci. Na yi da 'yan majalisa, masu danne kayan gyara shekara biyu sannan su zo ganin mota tana ƙyalli. Na yi da Manjo, na yi da mai hoto da ya makara, na yi da jami'in da ya yarda da littafi kamar baƙo ne a barikin nan. Duk na cika shafi biyu na yage su. Kowanne yana da nasa, amma babu wanda alli ke aljihunsa a cikinsu.

Daga ofishin Manjo zuwa gareji taku ɗari biyu ne. Na ƙirga ranar Alhamis. Daga ofishinsa zuwa babbar ƙofa ɗari uku da wani abu.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Ana ta fenti. An yi wa duwatsun bakin hanya fari, an yi wa tayoyi baƙi. Bakwai an ƙara mata tamfol na biyu, an jera gangunan mai a gabanta.

Mai Walda ya same ni a bayan lamba huɗu. Ya ce shi 'ya'yansa shida, ba zai ce komai ba, kuma ba zai ga laifina ba in na sa hannu. Ya ce amma kada in tambaye shi ko ya ga an canja tiyo, don in aka rantsar da shi ba zai iya ƙarya ba. Na ce wa ya ce zai tambaye ka? Ya ce babu, ya dai faɗa ne.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na gaya wa tsohuwa. Tana tsintar shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba har na gama. Na gaya mata har da shayin, har da sukarin. Na ɗauka za ta yi kuka ko ta zage ni, shekara talatin da biyu na san bakinta. Sai ta ce ta sani tun ranar da ta ga allin a aljihuna, don ban taɓa dawowa gida da shi ba, kullum a kan bencin gareji nake barinsa.

Na ce to me zan yi? In na faɗa, aiki ya tafi, watakila da fansho, watakila ni ne a kotun. Garejin ma ya tafi. Kuma Auta za ta sani.

Ta ce, "Jikan da ke zuwa, da wane labari za a tashe shi? Ubansa ya kashe maƙwabci da gudu?"

Ta koma kan shinkafarta. Daga baya ta ce ita lemon nan da na sayo ranar ma ba ta sha ba, yana nan ƙarƙashin gado, in ɗauke shi daga gidanta.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Manjo ya aiko sau biyu. Na farko na ce ina ƙarƙashin mota. Na biyu na je. Na ce hannuna duk mai, zan sa gobe da sassafe kafin baƙi su iso. Ya dube ni ya daɗe, ya ce Saje, kada ka ba ni kunya. Na ce in sha Allahu.

Ban san me nake nufi da ita ba lokacin da na faɗa. Na tsaya a kanti na sayi kwalin alli sabo.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Bari in rubuta.

Sun iso sha ɗaya saura, mutum biyar da magatakarda. Shugabarsu wata dattijuwa ce gajera mai tabarau da igiya, an ce da can shugabar makaranta ce, kuma ka gan ta ka san ta saba kama masu satar amsa. Motoci takwas a jere suna ƙyalli, direbobi a ƙame. Manjo ya yi jawabi, ya ce cikon taran, lamba bakwai, ta yi hatsari saboda kuskuren direba, rahoton yana zuwa, sajen gareji zai kawo shi yanzu. Ya juyo ya kalle ni.

Ƙafafuna suka tafi da kansu. Na wuce teburin da takardar take, na nufi lamba uku, na zana mata da'ira da gicciye a ƙofa. Na yi wa huɗu, na yi wa shida, na yi wa takwas, na yi wa tara. Fili ya yi tsit, ƙarar allin kawai ake ji a kan sabon fenti. Direbobi duk sun sunkuyar da kai, don babu wanda bai san karatun ba a cikinsu. Sai na zagaya baya, na ture ganga biyu, na yaye tamfol. Ƙofar bakwai ta lanƙwashe, da ƙyar na sami wuri mai faɗi. Na zana mata nata.

Dattijuwar ta biyo ni har can, tana ɗage zaninta daga mai. Ta ce, "Saje, mene ne wannan?"

Na ce, "Hajiya, wannan shi ne littafin gareji na gaskiya. Na wannan motar ya makara da kwana goma sha uku, kuma ni na makarar da shi."

Ta sa aka kawo mata kujera nan bayan gareji, cikin rana, ta ce magatakarda ya rubuta. Na faɗi komai, aro da wanki da hoto da shayi. Na shiga ƙarƙashin lamba biyu na nuna mata tiyon bakwai, na shiga ƙarƙashin bakwai na ciro mata fasasshen, ta sa shi a jakarta a cikin hankici. Ta tambaya me ya sa muke rubuta tara. Na ce ta tambayi abin da ya sami goma sha biyun da muke da su a da. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya yi gyaran murya ya kalli takalminsa. Ba a kira Mai Walda ba, shi ya matso da kansa ya ce ya riƙe mini fitila ranar.

Da suka tafi Manjo ya aiko a karɓi makullan gareji.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ina gida. An dakatar da ni sai an gama bincike, kuma an ce in shirya, zaman kotun da aka shirya wa Kunkuru ni za a yi wa. Shi an janye tuhumarsa ranar Juma'a, a rubuce, da hatimi.

Kason kayan gyara ba a sake shi ba. Manjo bai yi ƙarya ba a nan. An ce sai an kafa wani kwamitin da zai duba abin da wannan kwamitin ya gano. Abincin iyaka na wata mai zuwa, Mai Walda ya ce motar wani ɗan kasuwa za a yi haya. Ya ce kuma babu wanda ya goge allin, ko Manjo wucewa yake ta gabansu.

Jinina ya sauka, in ji likita. Na ce masa Allah ya sawwaƙe da irin wannan magani.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Auta ba ta zo gida ba tun ranar Alhamis. Uwarta ce ke kai abinci. An ce matar Kofur ta je asibiti jiya, ta zauna kusa da Auta a benci, ta matsa mata ƙafa.

Yau na je. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ban shiga ba. Auta tana ba Kunkuru ruwa a cokali. Ta gan ni, ta ci gaba da abin da take yi, ba ta ce Baba ba. Shi ne ya hango ni, ya ce mata ta ba Baba kujera. Ta ajiye kofin, ta jawo kujerar har bakin gado, ta fita ta bar mu, ta raɓa ta gefena ko rigarta ba ta taɓa ni ba.

Na zauna. Na shirya magana tun daga gida, duk ta gudu. Na ce masa ka duba ƙofa, ɗana, ka yi daidai, ni ne ban rubuta ba. Ya ce ya ji. Ya kalli inda bargo ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa. Can ya ce in an sallame shi yana so in koya masa gyara, tun da tuƙi ya ƙare, ai ana iya yi a zaune.

Na ce to.

Da na fito Auta tana kan benci, ta juya mini baya, hannunta a kan cikinta. Na ce mata na tafi. Ba ta juyo ba. Na kai bakin matakala sannan na ji ta ce, ba da ƙarfi ba, in gaya wa Mama gobe ta sa gishiri kaɗan, wai ni ma da hawan jinina ba a son in ci da yawa.